Ɗanyen hoton Kaka

Kyamarar ba tawa ba ce. Ta yayan wani abokina ce, mai ɗaukar hotunan biki a Maradi, Canon 600D wadda robar gefenta ta fara ɓarewa. Ya ara mini ita kwana huɗu, lokacin da zan je ƙauyenmu bayan Tibiri in naɗi muryar Kaka saboda aikin bincikena na shekara ta uku a kan Gobiranci. Da zai miƙo mini ita ya ce, "Kada ka taɓa komi. Danna nan kawai." Ban taɓa komi ba. Abin da ya manta bai gaya mini ba shi ne ya bar ta a kan RAW kaɗai.

Watan Afrilu ne, rana kamar ta fasa dutse. Kaka ta ƙi fitowa tsakar gida. Ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗaki, rabin jikinta a inuwa, ta dube ni ta dubi abin da ke rataye a wuyana.

"Maigida, ka zo ɗaukar amaryarka ba ko goro? Wanga abu mi shi ka yi?"

Na ce hoto ne, uwargida, a kai birni a ga irin matar da na aura. Ta ce birni ba su da aikin yi. Daga nan ta shiga ba ni labarin shekarun yunwa, da yadda anka yi sunka bar gari da jakuna biyu, ni kuwa ina naɗa a waya, ina rubutu a kaye, ina danna kyamara jefi-jefi. Hoto sittin da uku na ɗauka. A ɗan allon bayan kyamara duk sun yi mini kyau.

Da na koma Yamai na juye su a kwamfuta, sai na ga sunaye masu ƙarewa da CR2, kowane ɗaya ya kai mega ashirin da wani abu, kuma babu wanda ya yarda ya buɗe. Na tura ɗaya a waya, waya ta ce ba ta san shi ba. Wani ɗan ɗakinmu a site ya leƙo ya ce, "Birus ne, goge su kafin su ci maka ordi." Saura kaɗan in bi maganarsa. Abin da ya hana ni, ina jin, wata al'ada ce da malaminmu na fonetik ya cusa mana tun shekarar farko: abin da ka ɗauko daga bakin mutane, ko ba ka gane shi ba, ba ka da ikon share shi. Na kwafe su a kile, na jefa cikin akwati, na ci gaba da abin da za a ba ni maki a kai, wato muryar.

Kaka ta rasu a watan Agusta, ana tsakiyar damina. Na je an yi kwana uku da ni, na dawo saboda jarrabawar da aka ɗage. Bayan mako biyu Inna ta kira ni. Ta yi ta zagaye-zagaye, ta tambayi karatu, ta tambayi abinci, sannan ta ce, "Hoton nan da ka ɗauki tsohuwa, yana nan?" Duk gidan babu hotonta sai na katin ɗan ƙasa, wanda hatimi ya rufe rabin haɓarta. Inna tana so a wanke babba kafin sadakar arba'in, a rataye a ɗakinta. Na ce yana nan. Na faɗa da ƙarfin gwiwar wanda bai taɓa ganin hoton ba.

Washegari na ƙetare gada na kai kile wani shagon hoto a cikin gari. Yaron da ke wurin bai fi ni shekaru ba, hannunsa da sauri. Ya ce, "A, fishiye RAW ne, ba matsala." Na zaɓi guda ɗaya a cikin ƙananan hotunan da suka jeru, ya ce in dawo da la'asar, jikka uku. Na dawo ya miƙo mini ambulan.

Wata mata ce a ciki, fara sol, fuskarta sumul kamar an shafa man kaɗe a kan ƙwarya. Bayanta furanni da wani ruwa mai gangarowa daga dutse. Kallabin na Kaka ne, ƴan kunnen nata ne. Amma tsagenta babu. Kaka Bagobira ce, zanen da aka yi mata tana jaririya ya taso daga gefen baki ya bazu zuwa kunne, kuma tun ina yaro in na hau cinyarta da yatsa nake bin sa. Yaron ya ɗauke shi a matsayin tamoji, ya goge shi tare da sauran.

Na ce masa ba ita ba ce. Bai ji haushi ba, mamaki ya yi. Ya ce, "Grand, kowa haka yake so. In na bar mutum da baƙinsa sai ya ce ban iya aiki ba." Na san gaskiya ya faɗa, don na ga hotunan bikin ƴan ajinmu, amaryar da muka sani wankan tarwaɗa ta koma Balarabiya. Na biya shi kuɗinsa na fito.

Daren nan na sayi fas ɗin intanet na dare na zauna neman mene ne wannan CR2 da ya hana ni barci. Bari in faɗa muku abin da na fahimta, da irin Hausar da na fahimce shi.

A cikin kyamara akwai ɗan faranti mai karɓar haske, a 600D ɗigo miliyan 18 ne a kansa. Ɗigon nan bai san launi ba, yawan haske kawai yake ƙirgawa. Don a sami launi sai aka lulluɓe farantin da wani rariya mai gida-gida: rabin gidajen kore, kwata ja, kwata shuɗi. Wani ma'aikacin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya tsara shi, aka yi masa rajista a 1976, har yau yawancin kyamarori da shi suke aiki. Ke nan kowane ɗigo launi ɗaya tak ya gani, sauran biyun sai an ƙiyasta su daga maƙwabtansa. Lokacin da ka ɗauki hoto da waya ko da kyamara a kan JPEG, na'urar ce ke yin wannan ƙiyasi cikin ƙiftawar ido. Ita ke yanke hukuncin mene ne fari, ina duhu zai tsaya, yaya kaifin launi zai kasance, sannan ta matse sakamakon ta zubar da ragowar. JPEG mataki 256 yake riƙewa tsakanin baƙi da fari a kowane launi. Fayil ɗin RAW na wannan kyamara yana da wurin mataki 16,384. Shi ba hoto ba ne tukuna, lissafin hasken da ya shiga ne, ba a dafa ba. Shi ya sa Turawan Ingila suka kira shi ɗanye, Faransawa su ce brut. Abin da na gani a bayan kyamara a ƙauye ɗan ƙaramin JPEG ne da take cusawa a cikin fayil ɗin don a leƙa.

Kowane kamfani kuma da irin tukunyarsa. Canon na da CR2, daga 2018 ta koma CR3. Nikon na da NEF, Sony na da ARW. Adobe ta fito da DNG a 2004 don kowa ya taru a kan abu ɗaya, manyan ba su bi ta ba. Wani Ba'amurke, Dave Coffin, ya shafe shekaru tun 1997 yana kwance ƙullin waɗannan fayiloli ɗaya bayan ɗaya a cikin wata ƴar manhaja mai suna dcraw, ya bar ta kyauta, kuma manhajoji da dama daga aikinsa suka taso. Ni da nake karatun harsuna abin ya burge ni: mutum ɗaya ya zauna ya koyi yaren kowace kyamara ba tare da ƙamus ba.

Sai maganar wace manhaja zan yi aiki da ita. Lightroom ita ce kowa ke ambata, amma tun 2017 ba a sayar da ita gaba ɗaya, haya ake biya wata-wata da katin banki, ni kuwa ko burs ɗina ban gani ba balle kati. Na sata tana yawo a kile-kile, kowa ya san wannan, sai dai na taɓa ganin abin da irin su suka yi wa memwar ɗin wata ƴar ajinmu. Canon na ba da tata kyauta, amma shafin ya nemi lambar jikin kyamara, kyamara kuwa tana Maradi, wajen kilomita 660 daga inda nake zaune. Saura biyu na kyauta waɗanda kowa ke iya saukewa: RawTherapee, wadda wani ɗan Hangari, Gábor Horváth, ya fara, da darktable, wadda ta fito a 2009. Na ɗauki darktable don dalili ɗaya maras daraja: na sami bidiyon koyonta da Faransanci.

Da ta buɗe, sai na ga ɓangarorinta biyu, ɗaya teburin haske, ɗaya ɗakin duhu. Na yi dariya ni kaɗai. Babu ɗaki, babu ruwan magani, babu igiyar shanya, amma sunan ya ƙi mutuwa. Mu ma haka muke: har yau cewa muke a wanke hoto, alhali rabon da hoto ya ga ruwa an daɗe.

Na danna hoton Kaka. Na ɗan lokaci ya fito da kyau, sai ya rikiɗe ya koma toka-toka, dishi-dishi, kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu. Fuskarta duhu, tsakar gida a bayanta fari fat. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na ɓata shi. Ashe wannan shi ne ɗanyen, ko dai abin da ya fi kusa da shi. Manhajar ta ajiye kwalliyar Canon gefe, ta bar ni da tukunya da ludayi.

Na kama sandar ƙarin haske na ja ta dama a hankali. Kwamfutata tsohuwa ce, ram ɗinta giga huɗu, kowane motsi sai ta yi nishi ta yi tunani. Ina kallo duhun ya fara buɗewa layi-layi daga sama. Goshi ya fito. Idanu suka fito. Sannan tsagen, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya ɗan karkace kusa da kunnen hagu, wanda takan ce wanzamin ne ya yi atishawa. Duk suna nan a cikin lissafin, wata huɗu suna kwance a akwati tare da safa da tsofaffin kaye. Ban san lokacin da na sa yatsa a kan allon ba. Ƴan ɗakinmu suna barci, na fita baranda na ɗan jima.

Na zaci wahalar ta ƙare. A nan ta fara.

Akwai wata sanda da ke gyara zafin launi. Ka ja ta nan, hoto ya yi shuɗi kamar asuba. Ka ja ta can, ya yi ja kamar gaban murhu. Da na fara wasa da ita sai na gano wani abin kunya: ban san launin fatar Kaka ba. Shekara ashirin da biyu ina kallon fuskar nan. Na ja sanda, na ce wannan ce. Na ƙara ja, na ce a'a, wannan ce. Duk sun yi kama da ita. Masu bidiyo suka ce a nemi wani abu fari a cikin hoton a nuna wa manhaja, ita za ta daidaita sauran. Na nuna mata farin mayafin da ke kafaɗar Kaka. Nan take fuskarta ta koma ruwan lemo. Na yi ta maimaitawa har kuran ya ɗauke, batir ya mutu. Sai da gari ya waye ina wanke baki na tuna: Kaka ba ta shanya farin tufa sai ta tsoma shi a bula. Mayafin nan shuɗi-shuɗi ne, idonmu ne ya saba kiran sa fari. Manhajar ta cire shuɗin da ke cikinsa, ta zuba kishiyarsa a kan fuska. A wani hoton na sami gefen kayena a kan tabarma, cikin inuwa ɗaya da ita. Da takardar na auna, na kwafe awon zuwa hoton da na zaɓa.

Cikin binciken nan na ci karo da labarin katin da Kodak ta riƙa raba wa shagunan wankin hoto tun shekarun 1950, mai hoton wata Baturiya, wanda da shi ake daidaita injin. Sai a 1990 da wani abu aka fito da mai ɗauke da mata masu launi daban-daban. Ban ce kyamarar yayan abokina tana da wariya ba. Ita dai ta ga tsakar gida mai ƙuna da tsohuwa baƙa a inuwa, ta raba rigima a tsakiya, kowa ya yi asara. Amma tun daga ranar in na ji an ce "haka hoton ya fito", sai in tambayi kaina wa ya fito da shi.

Ɗanye ma yana da iyaka, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka tsafi ne. A bayan Kaka akwai ƴar ƙanwata tana wucewa da tulu a cikin rana. Wurin hasken ya cika ɗigon har ya tumbatsa, babu abin da aka rubuta sai fari. Na ja sanda iya ja, kafaɗarta da rabin tulun ba su dawo ba. Kuma hoton da na fi so, wanda Kaka take dariya har tana rufe baki, kyamara ta kafa idonta a kan bangon baya, fuskar ta yi hazo. Babu manhajar da ta iya wannan. Dole na haƙura da wani wanda take kallon gefe, bakinta a buɗe kaɗan, tana tsakiyar magana.

Wani abu kuma ya fito da ban nema ba. Da na ƙara buɗe inuwar ɓangaren dama, sai ga yanar da ta rufe idonta, fara, da ramar da ke ƙarƙashin kunci. Sai na tuna yadda ta zauna ranar, yadda ta juya wancan gefen zuwa cikin ɗaki. Da gangan ta yi. Ni ban lura ba, ina ta murna da "munka" da "sunka". Yanzu ga ni da sanda a hannu, ina iya tone abin da ta ɓoye, ina iya mayar da shi. Kamfanin labarai na Reuters ya taɓa gaya wa masu aiko masa hotuna, a 2015, su daina aiko waɗanda aka sarrafa daga RAW, su turo JPEG na kyamara. Masu gasar World Press Photo su kuwa ɗanyen suke nema don su gwada ko an yi ha'inci. Su duka suna da dokarsu a rubuce. Ni ba ni da kowa sai tsohuwar da ba zan iya tambaya ba. Na mayar da inuwar wancan gefen kusan yadda ta bar ta. Tsagen na bari a sarari. Ko daidai na yi, har yanzu ina juya abin.

A makon ne na buɗe rubutun da na yi na muryarta don in tura wa malam babi na biyu. Na sa abin ji a kunne ina bi layi-layi, sai na ji kunya ta rufe ni. Inda ta ce "munka tahi", na rubuta "muka tafi". Inda ta ce "ɗiyan wanga zamani", na rubuta "ƴaƴan wannan zamani". Shafi goma sha ɗaya, na mayar da Bagobira Bakanuwa, kuma ban ma san na yi ba, hannuna ne ya saba da Hausar makaranta. Ni da na tsaya a shago ina hura hanci a kan yaron da ya goge tsage. Shi aƙalla jikka uku ya karɓa.

Kuma ko na rubuta kalmominta daidai, rubutunmu kansa yana zubar da kaya. Ba ma sa karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. Ka rubuta "fara", mai karatu ne zai zaɓa ko ƙwaron da ke cin gero kake nufi, ko soma aiki, ko mace mai hasken fata, alhali a baki kalmomi uku ne da ba mai rikita su. Rubutun yana da sauƙin ɗauka da sauƙin aikawa, kamar JPEG, kuma don haka ne kuke iya karanta wannan takarda da aka yi wa fotokofi. Amma muryar Kaka a fayil ɗin WAV, in na buɗe ta a Praat, ina ganin inda sautinta ya hau da inda ya sauka, da inda ta ja numfashi kafin ta ambaci ɗanta na fari da bai kai ƙarshen tafiyar ba. Na sake rubuta shafukan daga farko. Ya ci mini kwana tara.

Abin da na fi so a darktable shi ne ba ta taɓa ɗanyen. Duk jan sandar da na yi ta rubuta shi a wani ɗan fayil na daban mai ƙarewa da XMP, wanda bai kai nauyin saƙon murya ɗaya ba. Ka soke gyare-gyaren, hoto ya koma yadda haske ya bar shi ranar. Na fitar da JPEG, na kai wani shagon daban, na tsaya a kan mai injin na ce kada ya gyara komi. Ya ce to. Injin ya ƙara ɗan ja da kansa. Na karɓa haka nan, mota za ta tashi da asuba.

Na kai hotunan biyu gida, don na shagon farko ma kuɗi na biya. Bayan an watse daga sadaka na fito da su a ɗakin Inna. Kawu ya ɗauki mai furanni ya ɗaga shi sama.

"Kai, wanga ya yi! Dubi yadda ta yi hwari. Wannan shi za a rataya."

Inna ba ta ce komi ba. Ta ɗauki ɗayan ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ta daɗe. Na ga yatsarta tana bin layukan daga gefen baki zuwa kunne, har ta kai kan karkataccen ta tsaya.

"Ka tsuhe da ita," ta ce.

Na ce haka take, Inna.

"Na sani."

Kawu ya tafi da mai furanni, yana rataye a shagonsa a kasuwa, kuma an ce mutane suna yabawa. Nawa Inna ba ta rataye shi ba. Ta naɗe shi a cikin wani zanen Kaka ta sa a ƙasan akwatinta. Ƙanwata ta gaya mini takan fito da shi wani lokaci bayan isha'i.

Sauran sittin da biyun ban taɓa su ba tukuna. Suna kile biyu, ɗaya a wurina, ɗaya na bar wa ƙanwata a Maradi na rubuta a jikinsa da bik: kada a goge, ba birus ba ne.